Ranar da Bayan Abokina Ya Taɓa Ƙasa

Shekarun baya, ina ajin kusa da na ƙarshe a sakandare a Batsari, aka kawo mana sabon malamin wasanni. Ranar da ya fara shigowa fili yana rungume da wata ƙwallo mai siffar gwanda, muka yi ta kallon juna, don mun ɗauka mota ce ta taka ta. Ya ce a'a, haka aka yi ta, sunan wasan zari-ruga, kuma can inda ya yi karatu ya koyo shi. Wanda zai koya mana na mutum bakwai-bakwai ne, a yi minti bakwai a huta, a ƙara minti bakwai a tashi. Da na ji minti goma sha huɗu kacal, nan take na ɗaga hannu. A lissafina, duk wahalar da ba ta kai kwatan awa ba zan iya jure ta. Allah Ya yafe mini wannan lissafi.

Ga wanda bai san wasan ba, abin a taƙaice shi ne: ka rungumi ƙwallo ka ruga, abokan karawa su kama ka su kayar. Idan za ka miƙa wa ɗan'uwanka, baya ake miƙawa, ba gaba ba. Wanda ya kai ta bayan layin ƙarshe ya dangwala ta a ƙasa, ya ci maki biyar. Faɗuwa kuwa ba abin kunya ba ce a ciki, kowa sai ya sha ƙasa. To a nan maganar abokina ta shigo.

Abokina ɗan Tsaskiya ne, ta ƙasar Safana. Mahaifiyarsa da mahaifiyata tare suka tashi, shi ya sa da ya zo karatu Batsari aka sauke shi a gidanmu, ɗaki ɗaya, kwano ɗaya. Kwano ɗaya dai a faɗa, amma idan ka ga jikinsa ka ga nawa, za ka rantse shi ke cin tuwon ni ina lasar miya. Gidansu gidan kokawa ne. Kakansa ya yi, mahaifinsa ya yi har ya yi suna a ƙauyukan yankin, shi ma tun yana ƙarami ba a taɓa kayar da shi a gaban jama'a ba. A kokawa kuma ba sai an shimfiɗe ka ba. Gwiwarka ko tafin hannunka ya taɓa ƙasa, an gama da kai.

Akwai wani kambu a gidansu, irin layar fatar nan da ake ɗaurawa a damtse, na kakansa ne. Mahaifinsa ya yi alkawari a gaban dangi cewa idan an yi girbi, a kokawar farko ta kaka, zai ɗaura masa shi. Da labarin sabon wasanmu ya kai Tsaskiya, mahaifin nasa bai hana shi ba, amma ya aiko da sharaɗi ɗaya: kada a ga bayansa a ƙasa a gaban mutane. Ranar da aka gani, kambun ya wuce ga ɗan ƙanen mahaifinsa. Abokina bai cika magana ba, amma kambun nan kusan kullum sai ya ambace shi kafin mu gama cin abinci.

Makon farko na atisaye mun sha dariya. Idan abokina ya kama mai ƙwallo, sai ya ɗaga shi ya nana da ƙasa, sannan ya miƙe ya ɗaga hannuwa sama yana juyawa a hankali, yana jiran tafi. Shi a wurinsa an yi kaye, wasa ya ƙare. Kafin ya gama juyawa wani ya tsinci ƙwallon ya kai ta layi har ya dawo. Malaminmu ya busa usur har ya gaji kafin ya raba shi da wannan hali. Dangwala ƙwallo ma da dabara yake yi. Zai riƙe ta ta sama, ya sunkuya a hankali ya ajiye kamar mai ajiye ƙwai, don kada yatsansa ya shafi ƙasa. Wannan duk mai sauƙi ne.

Babbar matsalar ita ce idan shi aka kama. Dokar wasan ta ce idan aka rirriƙe mai ƙwallo a tsaye, ƙwallon ta maƙale ba ta fita ba, alƙali zai ba abokan karawa. Maganin abin shi ne ka kai ƙasa da kanka, ka tura ƙwallon baya, 'yan'uwanka su ɗauka su ci gaba. Abokina kuwa ko mutum uku suka rataya a jikinsa, zai buɗe ƙafafu ya kafe kamar itacen kuka. Ba ya faɗuwa, ƙwallo ba ta fita, mu kuma muna tsaye muna kallon an karɓe mana.

Ni kuma Allah Ya yi mini baiwa ta daban. Tun kafin a taɓa ni nake faɗuwa. Da na hango ƙato ya nufo ni, sai jikina ya yanke shawara ba tare da ya tambaye ni ba. Wata rana malaminmu ya tsayar da atisaye ya ce kowa ya zo ya ga yadda nake yi: kafaɗa ce ke fara sauka, haɓa a manne da ƙirji, baya yana fuskantar abokan karawa, ƙwallo ta fita ta wajen namu. Ya ce wannan ita ce faɗuwar da ake so. Tun da nake, ranar ce aka fara cewa a yi koyi da ni, kuma a kan faɗuwa. Daga nan ya ja ni gefe ya ce tunda gida ɗaya muke da abokina, in koya masa.

A bayan gidanmu akwai tarin yashi da maƙwabcinmu ya zuba zai yi gini bai yi ba. Can muka mayar makaranta, bayan la'asar. Abokina ya kafa nasa sharuɗɗan: sai ya leƙa gabas da yamma ya tabbatar ba kowa, sai ya tuɓe riga, kuma idan na faɗa wa wani zai nuna mini yadda ake kaye na gaskiya. Ranar farko ya tsaya a kan yashin nan kusan minti goma yana kallonsa. Na ce bari in taimaka masa, na ja baya na rugo na bangaje shi. Ni na faɗi. A rana ta uku ya durƙusa, ya dafa, ya kwanta a hankali kamar tsohon da ya dawo daga gona. Da ya tashi ya daɗe yana kaɗe jiki, sannan muka shiga gida. Amma cikin mako biyu ya fi ni iyawa. Ya ce dai in sani, wannan ilimin na bayan gida ne, ba zai fita da shi fili ba.

Mahaifiyata ba ta taɓa zuwa kallonmu ba, amma tana karanta wasan a jikin rigunanmu. Idan muka dawo atisaye, ta abokina fes, sai ɗan gumi, tawa kuwa kamar an yi yaɓe da ita. Wata rana ta ɗaga su biyun ta duba, ta dube ni ta ce, "Wai kai ne ƙwallon?"

Wajen ƙarshen damina, gero ya fara nuna, aka shirya gasa a Safana tsakanin makarantu huɗu na yankinmu. Wadda ta zo ta ɗaya za ta je Katsina ta kara da na sauran yankuna. Ni a lokacin iyakata da Katsina tasha da kasuwa, ina riƙe da jakar mahaifina. Tunanin in shiga babban fili in yi wasa ya hana ni sakat. Muka cika ƙaramar bas da safe, sanye da fararen rigunan da muka aro wurin 'yan ƙwallon ƙafa. An yi ruwa da asuba, filin ya yi laushi, jar ƙasa tana kama ƙafa. Dogayen sandunan da ake kafawa a layin ƙarshe ma gora ce aka ɗaure a jikin turakun raga don su yi tsawo.

Muna cikin ɗumama jiki sai muka ji ganga. Na juya na ga babura uku sun shigo a jere. A kan na gaba mahaifin abokina ne, da makaɗinsa na zamanin kokawa a bayansa, yana kaɗawa tun kafin su tsaya. Ashe labarin da ya isa Tsaskiya shi ne yaronsu zai yi kokawa da samarin makarantu uku rana ɗaya. Na dubi abokina na ga fuskarsa ta canza. Muka je muka durƙusa, aka gaisa, aka tambayi gida da gona da dabbobi da mutanen Batsari ɗaya bayan ɗaya. Da aka gama tsohon ya ƙare mini kallo daga sama har ƙasa, ya tambayi ɗansa, "Wanga ma cikinku shike?" Abokina ya ce e, Baba. Tsohon ya ce to Allah Shi kyauta.

Wasan farko bai ba mu wahala ba. Yaran suna tsoron abokina, suna zuwa masa ɗaya-ɗaya, shi kuma yana watsar da su yana wucewa. Makaɗi yana gefe yana yi masa kirarin wanda bayansa bai san ƙasa ba, mutanen gari suka taru har kan katanga. Muka ci, muka samu shiga wasan ƙarshe.

Wasan ƙarshen da wata makaranta ta ƙasar Safana muka yi. Yawancin 'yan wasanta 'yan wajen Babban Duhu ne, dogaye sirara, waɗanda suka tashi suna bin shanu, ba su san gajiya ba. Malaminsu kuma ya zauna ya kalli wasanmu na farko da kyau. Da abokina ya karɓi ƙwallo sai mutum uku su rufe shi, ba don su kayar da shi ba, su dai su riƙe shi a tsaye. Shi kuma ya kafe. Alƙali ya busa ya ba su ƙwallo. Sau uku ana haka kafin a tafi hutu. Abin dariyar, duk lokacin da ya tsaya da mutum uku a wuya, sai makaɗi ya ƙara wuta, 'yan Tsaskiya su yi ta ihu suna murna. Su a ganinsu mu ke cin wasa, alhali ana ta kwasar maki a kanmu.

A hutun, malaminmu ya ba kowa shawara, da ya zo kan abokina sai ya yi taka-tsantsan. Ya san maganar kambun. Abin da ya ce kawai shi ne ba zai ce masa ya faɗi ba, ba zai ce kada ya faɗi ba. Ni ne ban iya riƙe bakina ba. Katsina ta rufe mini ido, na ce wa abokina a gaban kowa ashe wata 'yar fata ta fi masa mu shida. Ya kurɓi ruwa ya miƙa mini gorar, ya tashi. Har yau idan na tuna maganar nan sai na ji kunya ta kama ni.

Bayan hutu muka ɗan farfaɗo, don mun daina ba abokina ƙwallo sai dole. Muka rama wasu, har ya zama maki uku kawai suka fi mu. Sai alƙali ya ce lokaci ya cika, da ƙwallo ta fita ko ta maƙale an tashi. Kowa ya gaji, ni har ina ganin filin yana juyawa. Ƙwallo ta bi hannu biyu ta faɗa hannun abokina, don ba wani a wurin sai shi. Ya ruga, ya ture ɗaya, ya ture na biyu, saura kamar taku goma ya kai layi mutum uku suka rufe shi. Ya buɗe ƙafafu ya kafe. Ganga ta ɗauka. Na ga alƙali ya fara kai usur baki.

Ina daf da shi ta baya, don haka na ga abin da mutane da yawa ba su gani ba. Ya juya kai ya dubi wajen da mahaifinsa yake tsaye. Sannan ya kira sunana, sau ɗaya, ba da ƙarfi ba. Ya sauke kafaɗa, ya manne haɓa da ƙirji, ya tafi ƙasa da su ukun, daidai yadda muka yi a kan yashin maƙwabcinmu. Gangar ta tsaya cak. Ƙwallo ta gangaro gaban ƙafata.

Na ɗauka. Mutum ukunsu suna kwance a kansa, gabana a buɗe, sai wani dogo da na hango ta gefen ido yana zuwa kamar an harbo shi. Tsoro ya ba ni gudun da ban san ina da shi ba. Mutane sun ce na yi tsalle na faɗa bayan layi kamar ƙwararre. Gaskiyar magana tuntuɓe na yi, Allah Ya sa ƙwallon tana ƙirjina kuma layin yana ƙarƙashina. Alƙali ya ɗaga hannu. Maki biyar, mun ci.

'Yan'uwana suka ɗaga ni sama suna ihu, amma idona yana kan abokina. Ya tashi tsaye shi kaɗai, farar rigar nan ta yi ja daga kafaɗa har ƙugu, ba yadda za a ɓoye. Sai ga mahaifinsa ya ratso fili a hankali, makaɗi yana biye da ganga a rataye. Na ce a sauke ni. Abokina ya durƙusa.

Tsohon ya ce, "Tashi. Ka da kai anka yi, ko kai ka kwanta?"

"Ni na kwanta, Baba."

"Don mi?"

"Don ƙwallon ta fita. In na tsaya an cinye mu."

Tsohon ya zagaya bayansa ya dubi rigar. Ya ce ya lura da ƙafafunsa tun farko, ba wanda ya ɗauke su, mutum uku sun yi iyakar yinsu sun kasa. Sai ya tambayi wanda ya koya masa wannan faɗuwa. Abokina, Allah Ya saka masa, ya nuna ni da yatsa. Na fara duba hanyar da ta fi kusa da bas. Tsohon ya dube ni ya ce ai ya ga alama, wannan aikin gwani ne. Mutane suka fashe da dariya, ni ma na yi, amma tawa ba ta kai ciki ba.

Ya juya ga ɗansa ya ce, "Na kakanka ya wuce. Magana ce na yi gaban dangi, ba ni tashe ta." Abokina ya sunkuyar da kai ya ce to, Baba. Na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige, don na san da bakina a ciki. Sai tsohon ya naɗe hannun rigarsa har kafaɗa. Ashe akwai wani kambun a damtsensa, ya yi baƙi don tsufa, wanda ya yi dukan kokawarsa da shi. Ya kwance shi da haƙori da hannu ɗaya, ya kama damtsen ɗansa ya ɗaura, a kan taɓon da komai.

Ya ce, "Wanga nawa na, ban yi ma kowa alkawalinshi ba. Na yi kokawa har na tsufa, ban taɓa ganin wanda ya kwanta don wani shi ci ba."

Hawaye suka zubo wa abokina, ni ma nawa ba su tsaya neman izini ba. Makaɗi ne ya cece mu. Ya matso ya tambayi tsohon, to yanzu da wane kirari zai kira yaron, tunda wancan ya lalace? Tsohon ya ce masa, "Kai dai buga." Ya kuwa buga, har malaminmu sai da ya taka.

Katsina mun je. Ba zan ɓata muku lokaci da wannan ba, don abin da aka yi mana a can ko maƙiyi ba na yi wa fatansa. Mun dai ga babban fili, mun sha ƙasarsa, mun dawo. Abin da na fi tunawa shi ne yammacin da muka dawo daga Safana. Mahaifiyata ta karɓi rigunan nan biyu ta ɗaga, duka jajaye, ba ka bambance tawa da tasa. Ta ce, "Yau dai ku biyu kuka yi wasa." Abokina ya fara kame-kame zai yi bayani, ta ce ya bari, ai duk la'asar tana ganinmu ta kan katanga, ta yi shiru ne don kada ta kore shi daga makarantarmu ta yashi.

Da kaka ta zo na bi shi Tsaskiya. Muna tsaye aka ɗaura wa ɗan ƙanen mahaifinsa kambun kakansu, abokina ya je ya riƙe masa hannu ya yi masa murna. Sai bayan shekaru, muna zaune a ƙofar gidansa yaransa suna wasa a gabanmu, ya gaya mini cewa ranar abin ya yi masa ciwo ƙwarai, don tun yana ƙarami yake mafarkin kambun nan. A nan na samu bakin ba shi haƙuri kan maganar da na yi masa a hutun wasa. Ya yi dariya ya ce ba maganata ce ta kwantar da shi ba, kada in ɗauki kaina da girma. Ya ce da ya duba ya ga mu shida mun ƙare ƙarfinmu, shi kaɗai ne rigarsa take fara, sai ya ji tsayuwar ta fi faɗuwar kunya.

Yanzu ina aiki, ina da iyali, kuma na sha ganin inda mutum zai kafe a kan sunansa har abin da aka taru a kai ya lalace. Ni ma na sha yi, ba zan ɓoye ba. Duk lokacin da na ji na fara buɗe ƙafafu zan kafe, a gida ko a ofis, sai in tuna abokina yana sauke kafaɗa a gaban mahaifinsa, ya san abin da zai rasa, kuma ba shi za a ɗaga sama ba.

Har yau idan na shiga kasuwar Batsari akan samu wani ɗan ajinmu ya nuna ni ya ce ga wanda ya ci mana wasan Safana. Nakan ji daɗi, ba ƙarya. Amma ba na barin maganar ta wuce haka. Nakan ce masa ni tuntuɓe na yi, wanda ya ci wasan yana kwance a bayana.